Yini ɗaya a Rodos: tambayoyin masu sauka daga jirgin ruwa su zaga gari da ƙafa

Jiragen ruwan yawon buɗe ido da ke zaga tsibiran Girka sukan tsaya a Rodos da safe, su tashi da yamma. Sa'o'i bakwai ko takwas ke nan a hannun matafiyi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda mutanenmu suka fi yi kafin irin wannan tafiya, kuma amsoshin na wanda ke son ya ga garin da ƙafarsa ne.

A cikin jirgi suna sayar da tikitin motar zagaya gari. Dole ne sai na saya?

A Rodos ba dole ba ne, ni ma ban ba ka shawarar saya ba. Akwai tashoshin da jirgi ke tsayawa nesa da gari, sai an ɗauki mutane a mota ko a ƙananan jiragen ruwa, kamar yadda ake yi a Santorini. Nan kuwa kana saman jirgi kana hangen ganuwar tsohon birni. Daga inda yawancin jirage ke tsayawa zuwa ƙofar farko bai wuce tafiyar minti goma ba, ko sha biyar idan jirginku ya tsaya a can gefen tashar Akandiya. Motar ma ba ta iya shiga lungunan tsohon birnin. A bakin ƙofa za ta sauke ku, ku taka kamar kowa. Abin da kuɗin ke saya maka shi ne ɗan jagora mai bayani. Idan kana son bayanin, to, kuɗin bai tafi a banza ba. Amma za ka kasance cikin ayarin mutum talatin ko arba'in, ba ka tsayawa inda ranka ya so, kuma masallatai ba sa cikin wuraren da ayarin ke daɗewa.

Tunda yini ɗaya ne kawai, ina buƙatar biza?

Kana buƙata. Girka tana cikin ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya, kuma mai fasfon Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi ko Sudan sai da bizar Shengen yake shiga, ko da sa'a ɗaya zai yi. Kamfanin jirgi ma ba zai bari ka hau ba tun daga tashar farko idan babu ita. Kuɗin bizar babban mutum yuro 90 ne tun watan Yuni na 2024. Wurin da mutane ke tuntuɓe shi ne nan: jiragen wannan yanki da yawa suna leƙawa Turkiyya, domin gaɓar Turkiyya ba ta fi kilomita 18 daga Rodos ba. Da zarar jirgi ya tsaya a tashar Turkiyya, ka fita daga Shengen ke nan. Saboda haka ka nemi biza mai shiga da fita sau da yawa, ka haɗa da takardar da ke nuna tashoshin jirgin, sannan ka nemi ta Turkiyya daban.

Tun bazarar 2025 Girka tana karɓar haraji a kan duk fasinjan da ya sauka daga irin waɗannan jirage. A tsakiyar lokacin baƙi yuro 20 ne a Mikonos da Santorini, yuro 5 a sauran tashoshi irin su Rodos. Kamfanin jirgi ne ke cira daga asusunka, ba a bakin tasha ake biya ba.

Na sauka. Daga ina zan fara?

Ka sauka da wuri. Wannan ya fi komai muhimmanci. Wanda ya shiga tsohon birni da ƙarfe takwas da wanda ya shiga da sha ɗaya kamar ba gari ɗaya suka gani ba. Da safe tituna fayau, masu shaguna na yayyafa ruwa, kyanwoyi na kwance a bakin ƙofofi. Da hantsi kuwa, idan jirage uku suka juye mutanensu lokaci guda, sai ka riƙa tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Daga tasha ka bi bakin ruwa, ganuwa a hagunka, teku a damanka. Ƙofar farko da za ka tarar ita ce Ƙofar Maryama. Ka wuce ta, ka ajiye ta don dawowa. Ka ci gaba har Ƙofar Teku, wadda ba ta ɓuya saboda manyan hasumiyoyi biyu masu zagaye da ke gadinta. Tana shigar da kai Dandalin Ipokratus mai maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya. Kada shagunan nan su riƙe ka yanzu. Ka yi dama har ka isa tsohon asibitin Barade, wanda aka fara ginawa a 1440 aka gama a 1489, yanzu kuma gidan kayan tarihi ne. Ko duwatsun tarihi ba su dame ka ba, ka shiga ka ga babban ɗakin majinyata da ke bene, dogon zaure mai ginshiƙai a jere a tsakiya. Mutane ne da suka ɗauki jinya da muhimmanci shekaru ɗari biyar da suka wuce, kuma ginin da kansa yana shaida haka.

Daga gefen asibitin Titin Barade ya miƙe ya hau tudu har fadar shugaban Barade. Babu shago ko ɗaya a kansa, babu allon talla, sai gidajen dutse masu tambura a saman ƙofofi. Ka hau shi a hankali. Daga fada ka bi titin Orfeos zuwa hasumiyar agogo da Masallacin Sulaimanu, sannan ka gangara ta titin Sokratus, wanda shi ne kasuwar garin. A tsakiyar gangaren ka saki babban titi ka faɗa lungunan kudu. Can ne mutanen gari suke zaune, can ne masallacin da ake sallah, can ne kuma za ka samu inuwa.

Su wane ne Baraden da ake ta ambata?

Ƙungiyar mayaƙan Kirista ce da ta faro a Ƙudus da aikin jinyar masu ziyara, daga baya ta ɗauki makami a zamanin yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya. Ana ce musu Baraden Yohanna. Bayan sun rasa wurin zama a ƙasar Sham, sun kama Rodos wajen 1309, suka riƙe ta fiye da shekara ɗari biyu. Sun kasu ne bisa harsunan ƙasashensu, kowane rukuni da masaukinsa da kuma ɓangaren ganuwar da zai tsare: Faransa, Italiya, Sifen, Ingila, Jamus da sauransu. Yawancin masaukan nan ne ke jere a Titin Barade, na Faransa ya fi kowanne ado.

A 1480 rundunar Sultan Muhammadu na Biyu, wanda ya ci Istanbul, ta kewaye garin ba ta yi nasara ba. Bayan haka Baraden suka ƙara wa ganuwar kauri don ta jure harbin igwa. A 1522 Sultan Sulaimanu ya zo da kansa, aka yi wata shida ana gwabzawa, har Baraden suka miƙa wuya a watan Disamba. Ya bar su suka tafi da makamansu da kayansu ranar 1 ga Janairu, 1523, daga baya suka zauna a Malta. Daular Usmaniyya ta Turkawa ta riƙe tsibirin har 1912, sannan Italiya ta ƙwace, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1947, aka miƙa shi ga Girka. Kowanne cikin waɗannan ya bar gininsa, shi ya sa UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 1988.

Fadar ta cancanci kuɗin shiga?

Ya danganta da abin da kake nema. Ka sani cewa yawancin abin da kake gani ba ginin Barade ba ne. A 1856 albarushin da aka ajiye a ƙarƙashin wata tsohuwar majami'a kusa da fadar ya fashe, ya hallaka mutane da yawa, ya rusa fadar. Italiyawa ne suka sake gina ta a ƙarshen shekarun 1930 don sarkinsu da Musolini, shugaban gwamnatinsu na lokacin. Daɓen ɗakunan bene, na ƙananan duwatsu masu launi da aka jera suka zama hotuna, daga tsibirin Kos aka kwaso shi, kuma shi kaɗai ya isa dalilin shiga ga mai son irin wannan aiki. Idan wuri ɗaya kawai za ka biya, ni asibitin zan zaɓa maka.

Abin da ba na so ka rasa, kuma kyauta ne, shi ne ramin da ke zagaye da ganuwa. Ba a taɓa zuba masa ruwa ba, busasshen kwari ne mai faɗi tsakanin bango biyu, kuma ana tafiya a cikinsa. Ganuwar ta kai kusan kilomita 4. Idan kana ƙasa ka ɗaga kai, sai ka gane dalilin da ya sa runduna ta yi wata shida a nan. Har yanzu akwai dunƙulallun duwatsun igwa zube a gefen hanya. Akwai mashiga kusa da fada, ta wajen Ƙofar Ambuwaz. Babu inuwa sosai, kada ka shiga da tsakar rana.

Na ga hasumiyoyin masallatai a hotuna. Ina zan yi sallah?

Masallatan suna nan, amma ba dukkansu ake sallah a ciki ba. Wanda kowa ke ɗauka a hoto shi ne Masallacin Sulaimanu, mai jan fenti, a saman titin Sokratus. An gina na farko bayan cin garin a 1522, aka sabunta shi a 1808. Yanzu wurin tarihi ne, sau da yawa ma a rufe yake. Wanda ke raye shi ne Masallacin Ibrahim Pasha, na shekarar 1540, a wani ɗan dandali kudu da titin Sokratus, ta wajen titin Sofokleus. An fi samunsa a buɗe a lokutan sallah, musamman ranar Juma'a. Masu sallah a cikinsa Musulmin tsibirin ne masu jin Turkanci, tare da baƙi. Sun ci gaba da zama a nan ne saboda a 1923, lokacin da Girka da Turkiyya suka yi musayar jama'a bisa addini, Rodos tana hannun Italiya, don haka musayar ba ta shafe su ba. Ka yi musu sallama, ka zauna ka ɗan huta. Jama'a ce 'yar kaɗan, kuma baƙon da ya zo sallah yana faranta musu.

Daura da Masallacin Sulaimanu akwai wani ɗan gida da mutane ke wucewa ba su kula ba: ɗakin karatu na Hafiz Ahmad Aga, wanda aka kafa a 1793. Yana ɗauke da littattafan rubutun hannu na Larabci, Farisanci da Turkanci, har da Alƙur'anai masu ado. Duk wanda ya taɓa riƙe allo zai ji wani abu a ransa a wurin nan. Idan ka tarar da ƙofa a buɗe, kada ka wuce.

Gaskiyar tarihi kuma sai a faɗe ta duka. A zamanin Turkawa an mai da majami'u da yawa masallatai, kuma Kiristocin Girka ba su da izinin kwana a cikin ganuwa, sai dai su shigo aiki su fita. Mutanen gari suna sane da wannan, don haka a yi maganar tarihi da su cikin ladabi.

Abu ɗaya game da alƙibla: mun saba fuskantar gabas, amma daga Rodos alƙibla kudu maso gabas take. Ka yi alwala kafin ka sauka daga jirgi, ka sa ɗan siririn darduma a jaka. Batun ƙasaru da haɗa salloli kuwa, ka tambayi malaminka tun kana gida.

Me zan ci ban faɗa wa haram ba?

Ka kula da abu biyu da ake sayarwa a kowace kwana: giros da suvlaki. Suna kama da shawarma da tsire, amma a Girka naman alade ne asalinsu, sai an ce maka na kaza ne. Ka riƙe kalmomin nan: *hirino* alade, *kotopulo* kaza, *arni* rago, *psari* kifi. Niƙaƙƙen nama ma wani lokaci gauraye yake da na alade, kuma akan zuba giya a wasu miyoyin nama. Wanda ke kiyaye yanka, hanya mafi sauƙi ita ce kifi da ganye, kuma ba za ka ji an cuce ka ba. Akwai gasasshen kifi da lemun tsami, akwai salak ɗin tumatir da kokwamba da zaitun da cukun feta, akwai ganyen inabi da aka naɗe da shinkafa. Ka nemi *pitarudiya*, abincin tsibirin ne, soyayyen ƙullun wake da albasa da na'a-na'a, ɗan'uwan ƙosai.

Kada ka zauna a manyan dandali inda ake tsayawa a bakin ƙofa ana jawo mutane. Ka shiga lungu biyu ko uku ciki. Ka duba farashi kafin ka ce a kawo, musamman kifi, domin da kilo ake sayar da shi; ka ce a auna a gabanka. Idan ka nemi lemo, ka ce ƙarami, don wasu wuraren sukan kawo ƙaton kofi da ƙaton farashi. Doka ta wajabta a ba ka rasit, har za ka ga an rubuta a shaguna cewa mai saye ba dole ne ya biya ba idan ba a ba shi ba.

Mu da muka saba da rana, zafin can zai dame mu?

Zai iya. A Yuli da Agusta zafi yana haura digiri 30, kuma bangayen dutse suna riƙe shi. A gida ba ma yawo da ƙafa sa'a biyar a tsakar rana, nan kuwa abin da za ka yi ke nan. Ka riƙe ruwa, ana samunsa da arha a ƙananan kes-kes na bakin titi. Takalmi ya fi zafin muhimmanci: an daɓe lungunan da tsakuwar teku mai santsi, a tsaye, wadda ke cin tafin ƙafa. Silifa da takalmi mai tsini ba za su kai ka ko'ina ba.

Da mahaifiyata zan je, kuma tana fama da gwiwa. Za ta iya?

Za ta iya, idan ba ku matsa mata ba. Ɓangaren da ke kusa da teku shimfiɗaɗɗe ne, daga Ƙofar Maryama zuwa Dandalin Ipokratus har asibitin Barade. Tudun yana farawa ne daga Titin Barade da titin Sokratus. Ku ɗauki tasi daga tasha ya kai ku wajen Ƙofar Ambuwaz, ku shiga ta sama, Hajiya ta riƙa gangarowa maimakon hawa. Keken guragu yana wahala a kan tsakuwar nan. Ku zaunar da ita ta sha shayi duk bayan rabin sa'a, ku bar hasumiyar agogo da matakalanta ga yara.

Ina sa hijabi. Zan fuskanci matsala?

Ba za ki zama abin kallo ba. A lokacin baƙi mutane daga Turkiyya suna shigowa kullum a jirgin ruwan da ke tasowa daga garin Marmaris, da yawansu da lulluɓi. Ki zaɓi yadi mara nauyi, ki kama shi da fil sosai, domin iskar bakin teku tana da ƙarfi a bazara.

Ina ne banɗaki?

Gidajen tarihi suna da shi, wuraren cin abinci ma haka idan ka sayi wani abu. Babu buta, ka tanadi 'yar gorar ruwa ta daban. Ba a jefa takarda a masai a Girka saboda bututun sirara ne, akwai kwandon da aka ajiye a gefe.

Idan na ɓata a lunguna fa?

Za ka ɓata, kuma nan ne daɗin garin yake. Wanda ya san cikin birnin Kano ko Zariya ya san irin wannan gini: lungu ya lanƙwasa, ya rabu biyu, ya mutu a ƙofar wani gida. Za ka ga bakunan dutse sun tokare bango da bango a saman kanka. An yi su ne saboda girgizar ƙasa. Ganuwa ta kewaye ka, ba za ka yi nisa ba. Duk inda ka rikice, ka bi gangare, zai kai ka teku. Ka ce *kalimera* da safe, ka ce *efharisto* don godiya, ka furta *limani*, wato tashar jirgi, za a nuna maka hanya.

A hanyar komawa ka bi ta gabas, tsohuwar unguwar Yahudawa. Akwai wurin ibadarsu na Kahal Shalom, na shekarar 1577, wanda ya fi kowanne daɗewa a Girka cikin waɗanda ake amfani da su. A dandalin unguwar akwai baƙin dutse na tunawa: a watan Yuli na 1944 sojojin Jamus suka kwashe kusan mutum 1,700 daga nan zuwa sansanin kisa na Aushwiz, kaɗan ne suka dawo. Mutane na zaune suna shan kankara a gefensa, amma ya cancanci ka tsaya ka karanta. Daga nan Ƙofar Maryama kusa take.

Ina ƙaton gunkin nan da ake cewa yana cikin abubuwan mamaki bakwai na duniya?

Babu shi, ko guntunsa babu. An kammala shi wajen shekara 280 kafin haihuwar Annabi Isa, na tagulla ne, tsawonsa ya haura mita 30, kuma girgizar ƙasa ta kayar da shi bayan shekara hamsin da 'yan kai. Hoton da ake bugawa a riguna, na gunki ya buɗe ƙafafu jirage na wucewa ta ƙarƙashinsa, ƙirƙirar mutanen baya ce. Abin da ke bakin tashar Mandraki yanzu shi ne barewa biyu na tagulla a kan ginshiƙai. Wurin yana da kyau a kan kansa: injinan niƙa uku na iska, hasumiyar tsaro ta Nikolas a ƙarshen gadar dutse, da gine-ginen Italiyawa. Minti goma ne daga ƙofar arewa ta tsohon birni. Ka je idan lokaci ya rage.

Lindos fa? Kowa na yabonta.

Tsohon gari ne a kan tsibirin, kusan kilomita 50 daga tasha, sa'a guda ko fiye a mota, ga hawan tudu a rana. A yini ɗaya ba a haɗa ta da tsohon birni a more duka biyun. Idan ka nace sai ka je, to nan ne tikitin motar jirgi ke da amfani, domin idan motarsu ta makara jirgi yana jira.

Wace tsaraba zan saya, kuma ana ciniki?

Ka nemi *melekuni*, alewar riɗi da zuma da ake rabawa a bukukuwan aure na tsibirin. Kantu ne, sai dai ya fi laushi, da ƙanshin ɓawon lemu. Akwai zuma, man zaitun, sabulun zaitun, soson teku da takalman fata. Yuro ake kashewa, kuma kusan ko'ina ana karɓar kati, amma ka riƙe 'yan canji. Ba a taya abinci ko ƙananan kaya. A shagon fata ko na gwal kana iya neman ragi cikin mutunci, ba irin tayin rabin kuɗi da muka saba ba. Idan jaka ɗaya kake gani a shago goma, ba a tsibirin aka yi ta ba.

Ƙarfe nawa zan koma jirgi?

A bakin matakalar jirgi ana kafa allo mai lokacin da kowa zai kasance a ciki, yawanci rabin sa'a kafin tashi. Ka ɗauki hotonsa. Ka saita agogonka da na jirgi kafin ka sauka. A bazara Girka tana gaban Najeriya da Nijar da sa'a biyu, a hunturu da sa'a ɗaya, kuma wayar da ba ta kama layi ba tana iya ci gaba da nuna lokacin gida. Jirgi ba ya jiran wanda ya fita da kansa. Wanda ya makara, shi zai biya kuɗin bin jirgi zuwa tasha ta gaba, kuma idan tashar a Turkiyya take, ga batun fasfo da biza. Ka fita da katin jirgi, da kwafin fasfo, da lambar wakilin jirgi a tashar, wadda ake bugawa a takardar shirin yini da ake sa muku a ɗaki. Lambar gaggawa a Girka 112 ce. Ka sa a ranka cewa sa'a guda kafin lokacin allo kana Ƙofar Maryama, domin a bakin tasha akwai layin binciken jaka, kuma da yamma yana tsawo.